Ranar Ƙaddamar da Littafi, Ki Bar wa Mai Karatu Wuri

'Yata, na sami labarin littafinki ya fito daga maɗaba'a, har kun fara shawarar ranar da za a ƙaddamar da shi. Allah ya sanya albarka, ya sa shi ne na fari ba na ƙarshe ba. Tunda kin ce in tofa albarkacin bakina, zan gaya miki abin da ya daɗe yana damuna game da irin wannan taro a wurinmu, da yadda nake fatan naki ya kasance.

Kin san yadda aka saba. A kama ɗakin taro, a buga kati, a jera sunaye: uban taro, shugaban taro, babban baƙo na musamman, babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa. An rubuta ƙarfe goma na safe, amma ba za a buɗe da addu'a ba sai manya sun iso. Daga nan jawabi ya bi jawabi, malamin jami'a ya yi sharhin littafi, a yaye takardar adon da aka naɗe shi da ita, wani ya ce ya sayi kwafi goma a kan kuɗi kaza, a tafa, wani ya ce wakilci ya zo yi, saƙon maigidansa yana nan tafe. Kafin a zo kan marubuciya an kira azahar. Manya su miƙe, jama'a su bi bayansu. Ita kuwa yarinyar da ta biya kuɗin a-daidaita-sahu tun daga Rijiyar Lemo ko Hotoro don ta gan ki, sai ta koma gida ba ta ji ko layi ɗaya daga cikin littafin ba, ba ta gaisa da ke ba, wataƙila ma ba ta sami kwafin da kuɗin jakarta zai iya saya ba.

Ban ga laifin marubucin da ya gayyaci masu hali ba. Na san tsadar takarda, na kuma san yawancinku ku ne marubuta, ku ne masu biyan maɗaba'a, ku ne masu ɗaukar kwali zuwa kasuwa. Gudummawar ranar ƙaddamarwa ita ke fitar da mutane da yawa daga bashi, girmama manya kuwa tarbiyyarmu ce. Ki gayyace su, ki karrama su, ki yi musu godiya da sunayensu. Roƙona kawai kada su cinye ranar duka. Wanda ya ba da gudummawa ya taimake ki sau ɗaya. Wadda ta karanta ta ji daɗi kuwa, ita za ta nemi littafinki na biyu da na biyar, ta ara wa maƙwabciyarta, ta ba ƙanwar mijinta labarinsa har ita ma ta je ta saya.

Ki duba tarihin littafin Hausa ki ga wanda ya riƙe shi. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, hukuma ce ta buga su, makarantu suka kai su hannun yara. Marubucin wancan zamani bai sha wahalar neman mai karatu ba, aji ne ya kawo masa shi. Amma daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai marubuta suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a wajejen 1990, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa a 1994. Ba babban tebur ne ya ɗaukaka waɗannan ba. Matan aure ne a tsakar gida, da 'yan matan sakandare, da tela a bakin kekensa, da yaron shago, waɗanda suka saya ko suka yi haya, suka karanta na ɗaya suka ƙagu na biyu ya fito. Littafi ya tashi daga Kano ya kai Gusau da Jos da Yola, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. Marubutan suna sa adireshinsu a bango, wasiƙu su yi ta zuwa, wasu na yabo, wasu na gyara, wasu kuma na mutanen da suka ga rayuwarsu a cikin labarin suna neman shawara. Wannan zumuncin shi ne gadon da kika tarar, kuma ranar ƙaddamarwa ce ranar da za ki karɓe shi ido da ido.

Saboda haka ki raba taron gida biyu. Ki ba manya lokacinsu, amma ki rubuta ƙarara a jikin kati cewa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza marubuciya za ta karanta littafi, ta zauna da masu karatu, ta sa musu hannu. In da hali ma ki fara da wannan, tunda su masu karatu kan riga kowa zuwa, kuma lokacin da ake ɓatawa wajen jiran baƙi ya isa ki karanta babi guda ki amsa tambayoyi. Ki lura da lokutan salla, ki tuna matar da aka ba izinin fita da sharaɗin ta dawo kafin magariba.

Karatun nan shi ne abin da na fi son in ja hankalinki a kai. Mu mutane ne da suka saba karɓar rubutu ta kunne. Mutane nawa suka haddace waƙoƙin Aliyu Namangi da na Aƙilu Aliyu ba tare da sun taɓa riƙe takardarsu ba? Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan hikaya, iyali su zauna su saurara. Labaran da suka yi fice a gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, karanta su ake yi jama'a su ji. Yanzu kuma ga masu karanta littafi su ɗora a YouTube, mace tana girki tana saurare. To mai sauraron da ya saba jin labari da muryar wani, ranar nan ya sami damar ya ji shi daga bakin mai shi. Babu sharhin farfesa, komai kyansa, da zai maye gurbin wannan.

Amma karatu a gaban jama'a aiki ne, sai an shirya masa. A Ingila, Charles Dickens ya fara karanta littattafansa ga masu biyan kuɗin shiga a 1858, ya yi ta zagaya garuruwa, har ya je Amurka a 1867, bai daina ba sai a 1870, shekarar da ya mutu. Abin da ya sa jama'a suke cika ɗakunan taronsa shi ne ba ya buɗe littafi kawai ya kama karantawa. Yana da kwafi na musamman da ya yanke wuraren da suka yi tsawo, ya rubuta wa kansa alamomi a gefen shafi na inda zai sauya murya, kuma yana maimaitawa a gida har ya kusa haddacewa. Ke ma ki yi haka. Ki zaɓi wurin da bai wuce minti goma ba, ba lallai shafin farko ba. Ki nemi inda mutum biyu suke magana kuma akwai abin da ɗaya yake ɓoye wa ɗaya. Ki soke bayanin kayan ɗaki da na kwalliya, ido ne yake jin daɗinsu, kunne gajiya yake yi. Ki tara ƙannenki ki karanta musu, ki lura da inda suka fara taɓa waya, nan ne wurin yankewa. A ranar kuma ki sassauta, domin fargaba tana sa mutum gudu. Ki riƙa ɗaga kai kina duban na baya. Kada ki buɗe da ba da haƙuri cewa ke ba gwana ba ce, jama'a ba don wannan suka zo ba. Sannan ki tsaya a daidai inda kowa ya ƙagu ya ji abin da zai biyo baya, ki rufe littafin. Wannan dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, da ita marubutanmu suka riƙa sayar da kashi na biyu da na uku.

Bayan kin rufe, ki juya maganar ga jama'a. Ki tambaye su, "Da ku ne a matsayinta, me za ku yi?" Za ki ga ɗakin da ya yi tsit ya ɗauki magana, wata ta ce haƙuri, wata ta ce ai haƙurin ne ya kai ta ga haka, wani dattijo ya kawo abin da ya gani a unguwarsu. Kina iya kiran mutum biyu daga cikinsu, ki ba ɗaya maganar uwar miji, ɗaya ta suruka, ke ki riƙe bayanin tsakani. Wanda ya tashi ya karanta layi uku a gaban jama'a ba zai manta da littafin ba. Masu kunya kuma, waɗanda su ne suka fi yawa, ki sa a raba musu 'yan takardu tun a ƙofa su rubuta tambayarsu, a tattara miki. Sau da yawa tambayar da ta fi ma'ana daga wadda ba za ta taɓa ɗaga hannu ba take fitowa.

Za a yi miki tambayoyi masu nauyi. Wani zai ce labarin rayuwarki ne kika rubuta? Wata za ta ce don me kullum kishiya ce muguwa? Wani zai miƙe ya ce irin waɗannan littattafai ne suke ɓata tarbiyya, zargin da aka yi ta yi wa marubutanmu tun shekarun 1990. Kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki nemi kunyata shi don a tafa miki. Ki gode masa, ki faɗi abin da kika nufa a taƙaice, in bai karanta ba ki roƙe shi ya karanta sannan ku sake magana. Jama'a suna kallon yadda kike karɓar suka fiye da yadda kike karɓar yabo.

Sai teburin sa hannu. Kada a ajiye shi can saman dandamali inda sai mai ƙarfin hali zai hau. A sauko da shi ƙasa, kusa da ƙofa, da kujera ɗaya a gefenki domin tsohuwa ko mai goyo. Ki sami wani amintacce ya riƙe harkar kuɗi a wani tebur daban, da canji a hannu, da lambar asusu a rubuce da manyan baƙaƙe saboda masu turawa ta waya, kada ya zama kina ƙirga kuɗi da hannu ɗaya kina gaisawa da ɗayan. Farashin kasuwa za a sayar a nan, ko ƙasa da shi kaɗan, a kuma faɗe shi a lasifika, domin akwai waɗanda suka ji an ambaci dubbai a wajen ƙaddamarwa suka ɗauka haka kuɗin littafin yake, suka fice a hankali. Ki zo da biro fiye da ɗaya, wanda ba ya huda takarda ba ya kuma jiƙa ta.

Na taɓa tsayawa kusa da irin wannan tebur ina kallo. Wata mata ta matso, ta ɗan ja baya, ta sake matsowa, sannan ta zaro wani tsohon littafin marubuciyar daga cikin hijabinta. Bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zare, gefen shafukan ya yi baƙi saboda hannuwan da suka juya shi, har da tabon manja a wani wuri. Ta ce a hankali ba ta da kuɗin sabon, wannan ta kawo. Marubuciyar ta ajiye sabon da ke hannunta, ta karɓi tsohon da hannu biyu, ta tambaye ta mutum nawa suka karanta shi a gidansu, matar ta fara lissafawa da yatsu har suka ƙare. Aka rubuta mata sunanta da addu'a a shafin farko. Na tabbata duk wadda za ta ara wa littafin nan gaba sai ta fara nuna mata wannan shafi. Don haka ki sanar tun da wuri cewa duk wanda yake da wani rubutu naki ya zo da shi, ko da wanda ya buga daga waya ne, ba sai ya sayi sabo ba.

Idan mutum ya zo gabanki, ki dube shi kafin ki dubi littafin. Ki amsa gaisuwa cikakkiya. Ki tambayi sunansa da yadda yake rubuta shi, domin akwai Hauwa akwai Hauwa'u, akwai A'isha akwai A'ishatu, kuma babu mai son ya ajiye littafin da aka kuskure sunansa a ciki. Ki tambaya ko nata ne ko tsaraba ce, wataƙila sunan mahaifiyarta take so. Ki yi tambaya ɗaya gajeriya, daga ina take, me take karantawa, sai ki ɗauki abin da za ki rubuta daga amsarta: wadda take shirin jarrabawa a yi mata fatan nasara, wadda ta ce ita ma tana rubutu a ce mata ana jiran nata. Layi ɗaya ya isa, da kwanan wata. Mutane sukan kwatanta abin da aka rubuta musu da zarar sun fita, kuma suna ganewa idan jimla ɗaya aka raba wa kowa. Idan layi ya yi tsawo wata kuma ta kama dogon labari, ki ce mata ta ɗan jira gefe ku ƙarasa bayan an sallami jama'a, sannan ki cika alkawarin. Idan kuwa layin ya tsinke, kada ki sunkuya kan waya. Ki zama kamar uwar biki, wadda ba ta zama tana jiran a zo gaishe ta, ita ke zagayawa tana duba wanda bai sami abinci ba.

Maganar hoto da lambar waya, ki yi hattara. Ba kowace mace ce take son fuskarta a Facebook ba, kuma hoto ɗaya yana iya jawo mata fitina a gidanta. Ki gargaɗi mai ɗaukar hotonki ya nemi izini. Littafin rajista da za ki ajiye don masu son jin labarin fitowar na gaba, wanda ya ga dama ya rubuta, kuma amana ce a hannunki: kada a wayi gari an jefa mutane cikin zauren WhatsApp ba da saninsu ba.

Duk da haka, mafi yawan masu karanta ki ba za su zo ɗakin taro ba ko da kyauta ake raba littafin. Wata tana jego, wata ba a bar ta ba, wata kuɗin mota ne babu. Su ke za ki je wurinsu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato su duka ba; ta naɗa jajoji, wato malamai mata, suna ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa 'yan taru, wato matan da suke koyarwa, inda suke. Hanyar tana nan ba ta toshe ba. Wata aminiya ta tara maƙwabta a tsakar gidanta bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi, ki karanta, a yi hira, mai saye ta saya. Ki nemi izinin makarantar da kika gama ki yi sa'a ɗaya da 'yan ajin ƙarshe, ki tafi da daftarinki na farko mai cike da gyare-gyare, su ga cewa littafi ba daga sama yake faɗowa ba. Ki ba su jimla ɗaya kowa ya ci gaba da labarin, wanda ya fi ki ba shi kwafi da sa hannunki. Ki zauna yini guda a rumfar mai sayar da littafinki a kasuwa. Shi ya san wanda yake saye da abin da suke cewa idan sun dawo, kuma zuwanki zai sa ya riƙa ɗora naki a sama. Waɗanda suka bi labarinki shafi-shafi a waya tun kafin a buga shi, su ma ki ware musu dare ɗaya ki amsa tambayoyinsu da muryarki, wanda ya yi oda daga nesa ki sa masa hannu kafin a kai tasha.

Akwai kuma ranaku da tarukan da jama'a suka riga suka haɗu, ba sai kin kashe kuɗin tara su ba. Ranar Littafi ta Duniya 23 ga Afrilu ce, Ranar Hausa 26 ga Agusta. An fara bikin littafi na KABAFEST a Kaduna a 2017, na HIBAF kuma, wanda ya ba Hausa muhimmanci, a 2021. Ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake zaman karatu. Ki riƙa zuwa da littafinki a jaka da biro a ciki.

Wataƙila wata rana ki shirya komai mutum bakwai su zo. Wannan yana faruwa da manyan marubuta ma. Kada ki nuna musu ɓacin rai saboda waɗanda ba su zo ba. Ki ce a jawo kujeru a yi da'ira, ki karanta musu kamar ɗakin a cike yake, ki san sunan kowa kafin a tashi.

Don haka kafin ki biya kuɗin ɗakin taro, 'yata, ki zauna ki rubuta sunayen mutum ashirin da kika san sun taɓa karanta rubutunki, ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki gayyace su da bakinki, ki ce kowa ya zo da wani. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.